Wa ya bi sawun yaranmu lokacin da aka rufe makarantu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a Agusta don rubuta WAEC, sauran kuwa suka ci gaba da zaman gida. Aka ce yara su bi darasi ta rediyo. A gidana a nan Gombe rediyo ɗaya ce, batir ma sai an saya. Na sha ganin 'yata 'yar aji uku na firamare zaune da littafi a cinya, kafin ta gama rubuta layi ɗaya mai koyarwa ya wuce, ga shi ba wanda za ta ɗaga wa hannu. Da aka koma, haɗa baƙi ma ya gagare ta.

Tsawon watannin nan ba malaminta ko ɗaya da ya aiko da aikin gida. Ban ɗora musu laifin duka ba, domin ba a ba su ko takarda ba, ba a kuma tambaye su me suka yi ba. Amma wani malami maƙwabcina ya riƙa tara yara biyar-biyar a zaurensa, da allo da alli na aljihunsa, har yau ko sannu ba a ce masa ba.

Roƙona ga hukumomin ilimi shi ne, duk ranar da aka sake rufe makarantu, a ba kowane malami takardun darasi da sunayen yaransa, shugaban makaranta kuma ya riƙa bibiya duk mako.

Naka,
Wani uba daga Gombe