Amsa ga ɗalibina: abin da ya hana 'yan asalin Ostareliya mantawa

Assalamu alaikum.

Ranar taron tunawa da samun 'yancin kai, bayan na gama jawabi, ka miƙe cikin jama'a ka ce: "Malam, mu ma Ingila ta mulke mu, mun karkaɗe riga mun wuce. Me ya sa 'yan asalin Ostareliya suke ƙorafi har yau, alhali ƙasarsu tana da arziki?" Aka yi maka tafi, kafin in buɗe baki ladan ya kira azahar. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsarta a bainar jama'a.

Ɗana, suna ne kawai ya zo ɗaya. Da dakarun Gwamna Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903 an zubar da jini, ban manta ba. Amma Bature haraji ya zo nema a wurinmu, da gyaɗa da auduga da kuza. Ya bar sarki a fada, ya bar manomi a gonarsa, a 1960 ya naɗe tutarsa ya koma gida. A Ostareliya ƙasar kanta ya zo ɗauka, kuma bai koma ba.

Ranar 26 ga Janairu 1788 ayarin jiragen ruwa 11 ƙarƙashin Arthur Phillip ya sauka inda birnin Sidni yake yanzu, ɗauke da fursunoni sama da 700. Sun tarar da mutanen da kakanninsu suka shafe shekara fiye da 50,000 a wurin, masu harsuna kusan 250. Da yake ba su ga ganuwa ko fada ba, sai doka ta ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita. Babu ciniki, babu yarjejeniya da gwamnatin Ingila. Shekara na zagayowa agana ta yi wa mutanen yankin Sidni mummunar ɓarna. Sannan garken tumaki suka biyo baya, masu su suka kame mashaya da wuraren farauta, wanda yunwa ta sa ya soki tunkiya kuwa sai a bi danginsa da bindiga. A Myall Creek, a 1838, an kashe aƙalla mutum 28, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. An rataye Turawa 7 a kan wannan, kuma abin da ya sa ake yawan ambatarsa shi ne ba kasafai ake hukunta kowa ba. Kisan gillar da aka yi musu a Coniston kuwa a 1928 aka yi shi, kakanka yana raye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗaukar 'ya'ya. Daga wajen 1910 har zuwa 1970, hukuma tana da ikon shiga gida ta raba yaro da uwarsa, musamman wanda ya haɗa jini da Bature, ta kai shi gidan marayu ko mishan ko hannun wasu Turawa. A hana shi harshensa, sau da yawa a sauya masa suna, 'yan mata a koya musu aikatau. Binciken da gwamnati ta sa aka yi, wanda ya fito a 1997, ya ƙiyasta cewa tsakanin yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku abin ya shafa. Mu da muke tambayar mutum "ɗan gidan wa?" tun kafin mu tambayi sunansa, ya kamata mu fi kowa gane wannan ciwo. Waɗannan yara da yawansu suna nan da ransu, sun yi furfura, wasu har yau ba su san inda kabarin uwarsu yake ba. Wa zai ce da su su manta?

Ba na musun an yi gyara. A 1967 sama da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe sun yarda a riƙa lissafa su cikin ƙidayar ƙasa. A 1992 babbar kotu ta rushe maganar nan ta ƙasa marar mai ita, a ƙarar da Eddie Mabo na tsibirin Mer ya shigar, shi kuwa ya rasu watanni kaɗan kafin hukuncin. A 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Sai dai arzikin da ka ambata bai kai gare su yadda kake zato ba. Ba su cika kashi 4 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma wajen kashi ɗaya bisa uku na masu zaman kurkuku su ne. Da aka nemi a kafa musu majalisar ba da shawara a tsarin mulki a 2023, shawara fa kawai, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a.

Kai kana da 1 ga Oktoba, har ka zo taronta ka yi mini tambaya. Su ranar da ƙasarsu ke hutu ana wasan wuta ita ce 26 ga Janairu, ranar da jiragen suka sauka. Tun 1938 wasu cikinsu suke kiranta ranar makoki.

Ka gaida mahaifinka.

Malaminka na tarihi.