Zuwa ga Hamma, a kan cikin Dada

Assalamu alaikum Hamma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Ya jikin Dada? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai sanyin Ingila da aikin dare. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, amma an saba.

Na tura naira dubu 450 asusunka. Kafin ka taɓa ko sisi ka karanta takardar nan har ƙarshe, ka kuma karanta wa Adda da Auta, tunda su ne a kan tukunya. Kuɗin asibiti ne da magani da abincin Dada. Ba na biki ba ne, ba na siminti ba ne.

Labari ya iso ni. An ce Goggo ta zo daga Kumo da jarkar jiƙo, wai abin da ke cikin Dada sa mata aka yi a abinci, har an fara nuna wata da baki. Hamma, kai ne babba, ka kashe maganar nan tun ba ta raba zumunci ba. Babu wanda ya sa mata komai. Na ga hoton takardar da likitan Asibitin Koyarwa ya rubuta. Abin da yake zargi, SIBO, wato taruwar ƙwayoyin bakteriya a ƙaramin hanji, ciwo ne sananne, muna ganin masu shi a nan, Turawa da baƙaƙe.

Ga yadda abin yake. Ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita shida, shi ke tsotse amfanin abinci. Babban hanji kuma shi ne mazaunin ƙwayoyin bakteriya, can suna da amfani. A ƙaramin ne ba a son su yi yawa. Abin da ke hana su taruwa wani motsi ne da hanji yake yi idan ciki ba komai: duk bayan minti 90 zuwa awa biyu sai ya matse tun daga tumbi, ya tura ragowar abinci da ƙwayoyin ƙasa. Kamar mai shara ce da ba ta sa tsintsiya sai an tashi daga kan tabarma. Da an sa wani abu a baki, shara ta tsaya. A wurin Dada motsin nan ya yi rauni, abinci yana daɗewa a hanya, ƙwayoyin su riga ta ci, su cika mata ciki da iska. Shi ne kumburin da kuke gani bayan ta ci abinci, da gyatsa, da ƙugin ciki, yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita. Wasu daga cikin ƙwayoyin ma iskar methane suke fitarwa, ita kuma tana ƙara rage gudun hanji.

To ka ga dalilin da ya sa Flagyl ɗin da Auta ke sayowa a kemis yake kawo sauƙin sati biyu, ciwo ya dawo. An kashe ƙwayoyi, amma abin da ya tara su yana nan. Ko waɗanda aka yi wa maganin yadda ya kamata, sama da kashi 40 cikin 100 ciwon yana dawo musu cikin wata tara. Flagyl kuma in aka daɗe ana sha yana taɓa jijiyoyin ƙafa, ga ta dama tana kukan tafin ƙafarta na mata zafi. A daina sayo shi. Na faɗa wa Auta a waya, ka maimaita mata.

Me ya rage wa hanjinta gudu? Na farko sukari. Shekarun da ya yi a jikinta yana hawa yana sauka suna lalata jijiyoyin da ke ba hanji umarni. Na biyu tramadol ɗin gwiwa, shi da kodin aikinsu ke nan, su ɗaure hanji. Na uku omeprazole da take sha kullum da sunan olsa: yana rage ruwan tsamin tumbi, wanda shi ke kashe ƙwayoyi tun a bakin ƙofa. Sai aikin da aka yi mata a mara shekarun baya, wani lokaci tabon ciki yana manne hanji. Duk huɗun nan ka faɗa wa likita da bakinka. Ka zuba duk magungunan da ke ɗakinta a leda ka kai masa, har da na ƙarƙashin filo da jiƙon Goggo. Amma kada a yanke mata tramadol rana ɗaya in kullum take sha, likita zai rage shi sannu a hankali. Kada kuma a maye shi da ibuprofen ko Feldene, saboda ƙoda da tumbi. Farasitamol da man shafawa na gwiwa sun fi mata.

Gwaji tukuna kafin magani. Ka roƙi likita ya rubuta HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarinta ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, da gwajin yawan jini, da na ƙoda, da TSH, don in sinadarin wuya ya yi ƙasa shi ma yana jawo sanyin hanji. Bitamin B12 kada a manta da shi: ƙwayoyin nan suna cinye shi, maganin sukarin nan metformin ma yana rage shi, rashinsa kuma yana kawo kasala da mutuwar ƙafa. In ya yi ƙasa allura ake yi, ba wani abin tsoro ba ne. Sai gwajin bayan gida, na tsutsa da na H. pylori, ƙwayar da ke jawo olsa. Shi wannan na biyun yana da sharaɗi: sati biyu ba omeprazole, sati huɗu ba maganin kashe ƙwayoyi, in ba haka ba zai nuna babu alhali akwai, kuɗi sun tafi a banza. Sannan a yi mata hoton ciki da mara. Mace mai shekarunta da ke yawan kumburi ba a barin ta ba a duba ƙwan mahaifa ba. Ba ina cewa akwai wani abu ba ne, hankalina nake so ya kwanta.

Akwai gwajin numfashi da ke tabbatar da ciwon: a sha ruwan gulukos gram 75, a riƙa hura iska cikin bututu, in iskar haidirojin ta ƙaru da maki 20 cikin minti 90 an tabbatar. Ba ko'ina ake yin sa ba. In likita ya ce babu, kada a ɗora tsohuwa a mota saboda shi. Likitoci da yawa da alamomi suke aiki.

Yanzu magani, nan nake so ka natsu. Wanda aka fi bayarwa sunansa rifaximin, miligiram 550, sau uku a rana, kwana 14, ƙwaya 42 ke nan. Kusan duk aikinsa a cikin hanji yake yi, ba ya shiga jini sosai. Yana da tsada, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Hamma, akwai wani mai suna rifampicin, maganin tarin fuka ne, yana mai da fitsari ja, yana kuma rage ƙarfin maganin sukari. Ba ɗaya ba ne. Kada wani yaron kemis ya ce maka ai duk ɗaya ne. Ka je babban shagon magani da takardar likita, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ka turo min hoton kwalin kafin ka biya. Kafin, ba bayan ba. In ba a samu ba akwai wasu da likita zai zaɓa, shi zai zaɓa, ba mu ba. In ya ce ciprofloxacin, ka tuna masa tana shan glibenclamide na sukari, haɗuwarsu tana iya faɗar da sukari.

Ranar da kwana 14 suka cika ba ranar gamawa ba ce. Ka tambaye shi abin da zai ba ta don hanji ya riƙa motsi. Akwai prucalopride, wanda ya wuce shekara 65 da miligiram 1 ake fara masa. Metoclopramide kuwa, wanda ake bayarwa na amai, kada ya wuce kwana biyar, yana iya karkata wuya da harshe, in an daɗe ana sha kuma tsofaffi ya fi yi wa illa. In bayan gida ya ƙi, kada a ba ta lactulose, zai ƙara mata iska ne kawai. Macrogol na leda ya fi, ana kaɗa leda ɗaya a rabin kofin ruwa. Filasko sai in an matsu, ba na kullum ba ne. Kanwa kuwa a kawar da ita daga ɗakin gaba ɗaya.

Wallahi wani lokaci in ina juya tsohuwar wasu a gado da tsakar dare sai in tuna tawa tana can tana riƙe da ciki. Allah Ya saka muku, ku da kuke kusa. Amma dai ba a banza aka biya kuɗin makarantar jinya ba, ku ji maganata a wannan.

Sai abinci, wannan na Adda ne. Lokaci ya fi komai. Sau uku a rana, tsakani awa huɗu zuwa biyar, ba a sa komai a baki sai ruwa ko shayi ba madara ba sukari. Kun san halin Dada: dabino ɗaya yanzu, an jima goro, an jima jika ya kawo ƙosai ta gutsira. Kowace gutsira tana tsayar da motsin nan da na faɗa. Abincin dare da an idar da magariba, kada ta kwanta sai an yi awa uku, sannan ba komai sai safe. In tana saurin ƙoshi a raba shi huɗu ƙanana. Amma akwai inda doka take faɗuwa: glibenclamide yana iya faɗar da sukari idan an jinkirta ci. In ta fara rawar jiki, gumi, ko magana ba kan gado, a gwada. In ƙasa da 70 ne a kaɗa sukari ƙaramin cokali uku a ruwa a ba ta nan take, a sake gwadawa bayan minti 15. Ku nuna wa likita sabon tsarin cin, wataƙila ya rage mata maganin. Azumin Litinin da Alhamis a ajiye shi sai ya amince. Bappa ne kaɗai zai iya faɗa mata wannan ta ji.

Na sati huɗu za a janye mata wake da duk danginsa, ƙosai, alale, ɗan wake. Na san a Gombe wannan kamar hukunci ne, ta yi haƙuri. Haka burodi, taliya, fanke da duk abin fulawa, da madara, da nono, da zuma, mangwaro, kankana, albasa da tafarnuwa. Su ne abincin da ƙwayoyin suka fi so. Miya ba albasa ba ta ciyuwa, na sani, ga dabara: a soya albasar a mai har ta yi ƙamshi, a tsame ta tas a zubar, a yi miya da man. Abin da ke kawo iskar a ruwa yake narkewa, ba ya shiga mai. Koren lawashi ma ba laifi. Tuwon dawa, gero, acca, shinkafa, doya, dankalin turawa duk ta ci, amma malmala kada ta wuce dunƙulen hannunta saboda sukari. Ƙwai, kifi, kaza, alayyafo, karas, kuɓewa daidai gwargwado, gwanda da lemu. Ganye a dafa shi ya yi laushi, kwaɗon zogale da rama a ɗan dakata. Man shanu da soye-soye a rage, maiƙo yana daɗewa a tumbi. Bayan kowane ci ta zaga tsakar gida minti 15. Ɗanyar citta kamar kan yatsa a ruwan zafi tana ɗan taimakawa, ba wai magani ba ce.

Kada a zarce sati shida a kan wannan takura, za ta rame, ƙwayoyin kirki ma su ragu. Bayan sati huɗu a fara dawo da abu ɗaya-ɗaya, kwana uku tsakani. A fara da kindirmo rabin kofi. Auta ta sami littafi ta riƙa rubuta abin da aka ci da yadda ciki ya kwana, duk Juma'a kuma a auna nauyinta a rubuta.

In kuka ga baƙin bayan gida ko jini, ko amai ba tsayawa, ko ciki ya kumbura ko tusa ba ta fita, ko abinci yana tsaya mata a wuya, ko rama tana ƙaruwa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya kirana.

Kuɗin: dubu 150 gwaji da ganin likita, dubu 200 magani, dubu 100 a hannun Adda na cefanen Dada ita kaɗai. In ba su isa ba ka faɗa min, ƙarshen wata zan ƙara. Kowane rasit ka ɗauki hotonsa. Ba rashin yarda ba ne, Hamma, kuɗin haya da wuta a nan ba sa barin mutum ya yi lissafi da ka. Maganar rufin shagon Kawu ta jira bayan salla. Goggo a ba ta kuɗin mota da sabulu daga aljihunka, zan mayar maka, a yi mata godiya, amma jarkar kada a buɗe.

A gaida Bappa, da matarka, da yara, da mutanen Jekadafari. Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, a tabbatar wayar Dada tana da caji. A duba tsinken gwajin sukarin nan ma, in wa'adinsa ya wuce a sayi sabo a cikin kuɗin magani.

Wassalam,
Ƙanwarka