A binne wayar intanet tun ramin yana buɗe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Tudun Wada. Muna buga takardu, muna cika wa ɗalibai fom, yarona kuma yana bakin ƙofa da na'urar POS. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi bai fi kwana huɗu da kamawa ba, tun da hantsi sabis ya fara jan ƙafa. Bayan azahar wata dattijuwa ta zo cirar kuɗin cefanen buɗa-baki da ɗanta ya turo mata. Ta zauna kan benci, carbi a hannu. Yaro ya zura kati, na'urar ta yi ta juyi, ta tofo takardar cewa bai yi ba. Ya sake, haka. Da la'asar ta yi sakaliya sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, faɗa mini gaskiya, ko dai kuɗin ne babu?" Na ce, "Iya, kuɗinki na nan, hanyar ce ta toshe." Na ranta mata abin da za ta kai gida. Sai daga baya muka ji labarin cewa manyan wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa. Matar da ba ta taɓa ganin teku ba, teku ya nemi hana ta shan ruwa.

Tun ranar nake tunanin abin. Kusan duk wayoyin da ke kawo mana intanet daga waje a Legas suke hawowa tudu, har da Equiano ta Google da ta iso a 2022. Ta 2Africa ce ta ɗan bambanta, tunda ta leƙa Akwa Ibom. Amma dai duk teku ɗaya ne, kudu ɗaya ce. Mu nan Arewa muna can ƙuryar gida mai zaure ɗaya: in aka rufe zauren, sai mu zuba tagumi.

Alhali muna da ƙofar baya, kuma kakanninmu sun san ta. Hanyar da ayari ke bi daga Kano zuwa Damagaram, a wuce Agadas a ratsa hamada, kusan ita ce hanyar da aka shata wa wayar intanet ta ratsa Sahara, wadda za ta haɗa Aljeriya da Nijar da Cadi da Najeriya. Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a ɓangaren Nijar da na Cadi. Aljeriya kuwa tana da nata wayoyin da suka tsallaka Bahar Rum zuwa Turai. Ke nan in an ɗinke wannan hanya da kyau, ran da tekun kudu ya yi halinsa, Kano da Katsina da Kaduna za su iya shaƙar iska ta arewa. Nijar ma da ba ta da teku, take leƙe ta tagar maƙwabta irin su Benin, ta samu tagar da ta fi kusa da Maraɗi da Damagaram.

To ga inda zancena yake. Duk wanda ya san aikin zai gaya maka ba wayar ce ke cinye kuɗin ba, haƙan ramin ne da biyan kuɗin izinin bi ta ƙasa. Wayar kanta siraran zaren gilashi ne a cikin roba. Kuma a yanzu haka ƙasar Arewa a buɗe take, ana ta haƙa. Ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614. Ga layin dogo na Kaduna zuwa Kano. Ga na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ga babban titin Abuja zuwa Kano da muka tsufa muna jira. Layin dogo na zamani dama ba ya rabuwa da tasa wayar ta sigina. Abin da nake roƙo shi ne a ƙara fankon bututu biyu ko uku a gefe, a rufe, duk kamfanin da ya zo daga baya ya biya haya daidai wa daida ya zura wayarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka bari aka mayar da ƙasa aka shimfiɗa kwalta, sai an sake neman ɗan kwangila ya zo ya fasa abin da aka gama jiya.

Ba daga littafi na karanto wannan ba. Layinmu sau uku ana haƙa shi cikin 'yan shekaru, kowane kamfani da nasa ramin, kowa ya tafi ya bar mana tudun jar ƙasa. Da aka zo gyaran kwata, mai katafila ya kafa haƙori ya ɗago wani bututu ruwan lemo kamar ya tono rogo. Bai ma san abin da ya yanke ba, don ba wanda ya ba shi taswira. Kwana uku unguwa ba sabis. A rana ta uku wasu samari biyu suka zo suka kafa lema, suka baje wata 'yar na'ura a kan kwali suna haɗa zaren ɗaya bayan ɗaya, yara sun kewaye su kamar ana wasan dabo. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu kan umarnin da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da dole a kare. Madalla. Sai dai mai katafila ba umarni yake gani a cikin ƙasa ba, taswira yake buƙata a hannunsa.

Batun kuɗin izini kuwa, a nan Kaduna ta yi abin a yaba. Gwamnoni sun amince da naira 145 kan kowace mita, jiharmu kuma a 2020 ta yafe kuɗin baki ɗaya. Amma wayar da ta tashi daga Kawo za ta Maraɗi ba a Kaduna kaɗai za ta kwana ba, sai ta taka Kano da Jigawa da Katsina. Tunda gwamnonin Arewa a nan garin suka saba zama, a Gidan Sir Kashim, me zai hana su fitar da farashi ɗaya da taswira ɗaya? Haka nan wayar intanet mai kilomita 90,000 da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ce za a shimfiɗa a faɗin ƙasa: muna so mu ga inda ta bi, kuma mu ga ta taɓa Jibiya da Maigatari da Illela, kada ta tsaya a manyan birane. An yi mana alƙawarin ingantaccen intanet zai kai ga kashi 70 cikin 100 na jama'a zuwa 2025, ba mu kai ba.

Wani zai ce ai ga Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam. Na sani, akwai masu shi a garin nan, kuma yana da rana a ƙauyen da waya ba za ta kai ba nan kusa. Amma mai sayar da citta a Kaciya ba zai iya kuɗinsa ba, ƙarfen sabis ɗin garinsu yake kallo, shi kuma ƙarfen ba ya ƙoshi sai an kai masa waya.

Saura abin da ya fi wuya. Dangin mahaifiyata 'yan Maraɗi ne. Kawuna layi biyu yake yawo da su, yana tsallaka iyaka ya ciro wannan ya sa wancan, don kira da layin ƙetare wuta ne. Kenya da Ruwanda da Yuganda sun daɗe da sassauta wa junansu wannan tsada, Gana da Kwaddibuwa ma sun bi sahu a 2023. Mu kuwa Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971 tana nan a Yamai, ana iya zama a can. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka, an yanke wa Nijar wutar lantarki. Na ji yadda kawu ya yi zancen a lokacin, ba zan maimaita ba. Wanda aka taɓa kashe wa fitila ba zai rataya intanet ɗinsa a wuyanka ba sai ya ga rubutu. Don haka duk yarjejeniyar da za a ƙulla, a rubuta ƙarara cewa rigimar shugabanni ba za ta taɓa wayar ba, daga kowane ɓangare.

Malam Edita, roƙona na ƙarshe gare ka ne. Ka tura wakilinka Kazaure ko Jibiya, inda ake aikin layin dogon, ya tambayi injiniyoyin: bututu nawa kuke binnewa, kuma wa zai samu izinin zura waya a ciki? Ku buga mana amsar da suka bayar.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku mai karatu kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna