Amsa Ga Dattijon Da Ya Tambaye Ni Ko Addu'a Ba Ta Isa Ba

Baba,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya tare da iyali. A taron ikilisiya da muka yi bayan sujada a nan Zuru, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko zaman da nake yi da masu damuwa kowace Laraba ba raina addu'a ba ne, tun da iyayenmu da suka fara karɓar bishara a ƙasar nan ba su san wani abu wai shi zaman shawara ba, kuma ba su lalace ba. Ka ƙara da cewa ka ji ina tura wasu asibiti, kana so ka san ko likita ya fi Mai Ceto ne. A ranar ban ba ka amsa mai gamsarwa ba, domin ban so in yi ja-in-ja da babba a tsaye. Da yake a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya kamata amsar ma kowa ya gan ta.

Kai ka koya mana labarin annabi Iliya a makarantar Lahadi, saboda haka da shi zan fara. A 1 Sarakuna sura 19, mutumin da addu'arsa ta sauko da wuta a Dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Ba wanda zai ce Iliya bai iya addu'a ba. Duk da haka mala'ikan da aka aiko bai tsawata masa ba, bai ce ya ƙara azumi ba. Waina da butar ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai da ya isa Horeb bayan kwana 40 Ubangiji ya tambaye shi abin da yake yi a wurin, ya bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu, sa'an nan ya gyara masa lissafi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi sabon aiki, ya kuma haɗa shi da Elisha. Abin da nake ƙoƙarin kwaikwayo ranar Laraba ke nan, gwargwadon ƙaramin sanina.

Gaskiya ne iyayenmu ba su san sunan wannan aiki ba, amma sun san aikin. Idan aka yi rashi, dangi sukan kwana a gidan makoki, tsofaffi su zauna da mai baƙin ciki ba tare da sun cika shi da surutu ba, kamar abokan Ayuba da suka yi kwana bakwai a ƙasa ba su ce uffan ba, waɗanda kuma sai da suka buɗe baki suka ɓata. Wannan zaman ne 'yan bindiga suka tarwatsa. Ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da yawa sun watse, kawun da zai saurari mutum yana wani gari, gwaggo tana wani. Tun ranar 17 ga Yunin 2021 da aka kwashe ɗalibai daga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, waɗanda wasu 'yan matan cikinsu sai a 2023 suka dawo, akwai iyaye mata a cikinmu da gabansu ke faɗuwa duk lokacin da suka ji ƙarar babura da dare.

Wani magidanci ya yarda in ba da labarinsa muddin ban faɗi abin da zai sa a gane shi ba. Makonni uku yana zuwa, ya zauna a bakin benci yana murza hularsa, ba ya cewa komai sai maganar tsadar masara. A mako na huɗu ya dubi tafin hannunsa ya ce kantar fartanya ta fara gogewa. Ka san mutanenmu, Baba: namiji da gona ake auna shi, da golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin aure, ya sami matarsa, da rumbu ake sanin gidansa. Wannan bawan Allah ya bar rumbuna cike da dawa, yanzu da mudu yake awo, yana jin kunyar haɗa ido da 'ya'yansa, har ya daina zuwa sujada domin yana ganin Allah ya juya masa baya. Da na yi saurin karanta masa aya a ranar farko, da ya ce amin ya tafi da ciwonsa. Sai da ya faɗa da bakinsa cewa bai san ko shi wane ne ba in babu gona, sa'an nan muka buɗe Yohanna 1:12 tare, muka daɗe a kan cewa zamansa ɗan Allah ba a rumbu aka ajiye shi ba, balle a ƙone shi. Bai warke a rana ɗaya ba. Yanzu dai yana koya wa yaran 'yan gudun hijira noman lambu a bayan majami'a, ya kuma dawo kujerarsa.

Batun asibiti kuwa, ban ɓoye ba kuma ba zan daina ba. Wanda ya yi kwanaki ba barci, ko yake jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya fara maganar kashe kansa, ko saurayin da tramol ya kama, ya wuce abin da zama da ni kaɗai zai magance. Irin waɗannan nakan yi musu addu'a, in kira danginsu, in ce a kai su babban asibiti, in abin ya yi tsanani a wuce asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Ba ma cewa mai ciwon sukari ya rasa bangaskiya don yana shan magani, kuma manzo Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a ɗaure marar lafiya da mari a ce ana fitar masa da aljani, alhali ƙasar nan ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin irin waɗannan mutane.

Akwai inda tsoronka yake da tushe. Mai ba da shawara yana iya ɗaukar kansa mai ceto, har mutane su manne masa su manta da Ubangiji, shi ya sa nake ba fasto rahoton yadda aikin ke tafiya ba tare da sunan kowa ba. Amma mu ma ikilisiya muna da namu laifin. Sau nawa mace ta faɗi matsalar aurenta a matsayin abin addu'a, kafin Lahadi ta zagayo labarin ya gama unguwa? Rufin asiri ne ya sa mutane ke zuwa ɗakin nan.

Ina da roƙo. Maza da yawa ba za su iya buɗe cikinsu a gaban mace ba, balle wadda suka girma, kuma na san wasu uku da kai kaɗai za su iya gaya wa abin da ke cin su. Muna farawa da ƙarfe huɗu na yamma a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ofishin fasto. Idan ka amince ka zo Laraba mai zuwa, zan tambaye su tun kafin ranar ko sun yarda ka zauna.

'Yarka cikin Almasihu,
Mai zaman shawara na ranar Laraba, Zuru