A shata wa duwatsun Filato iyaka kafin su ƙare a tifa

Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Bara na je wajen ɗiyata a Amurka, surukina ya kai ni wani gandu a jihar Arizona mai suna Petrified Forest. Tuddan yumɓu ne tsirara da ruwa ya zaizaye, ratsi-ratsi, shuɗi da toka-toka da ja, babu inuwar da mutum zai fake. Muka bi hanyar Blue Mesa da ƙafa, wadda ba ta kai kilomita 2 ba, amma gangarenta sai da ya tuna mini shekaruna. Gungumen itace ne birjik a ƙasa, guntu-guntu, kamar an bi su da zarto. Na durƙusa na shafa ɗaya. Ga ɓawo, ga gurbin reshe. Na ƙwanƙwasa da zobena, sai na ji ƙal! Dutse ne. Ambaliya ce ta binne itatuwan sama da shekara miliyan 200 da suka wuce, ruwa mai ɗauke da ma'adinin tokar aman wuta ya yi ta ratsa su har ya maye gurbin icen.

Tun 1906 aka killace wurin. Ka ɗauki ɓarɓashi, a ci ka tara. Wasu da suka sata ma mayarwa suke yi ta gidan waya, da wasiƙar neman gafara, wai tsiya ta bi su.

To mu fa? Muna da Dutsen Riyom, da tuddan Shere da suka haura mita 1,800, da ginshiƙan Kahwang waɗanda aman wuta ya daskare ya bari a jere. Samari na hawa ranar Asabar, madalla, sai dai wasu kan bar sunansu da fenti da ledar ruwa a ƙasa. Duwatsun bayan gari kuwa kullum da nakiya ake fasa su, tifa na kwasa. Ban ga laifin matar da ke fasa tsakuwa a rana don ta ciyar da 'ya'yanta ba. Babu wanda ya nuna mata inda za ta tsaya.

Roƙona ga hukuma: a ware duwatsun da ba a taɓawa, a kafa alluna, a horar da yaran ƙauyukan su riƙa yi wa baƙi rakiya ana biyansu.

Tsohon malamin labarin ƙasa,
Unguwar Rogo, Jos