Dafaffen shayin ganye ma yana lalacewa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi gyara kan wata fahimta da ta yaɗu, wai shayin ganye ba ya lalacewa tunda magani ne. Yana lalacewa, kuma da wuri. Da zarar ruwa ya ratsa ganye, hukuncinsa ɗaya da dafaffen abinci.

Tun daga haɗawa ake samun matsala. Ganye da fure, irin su na'a-na'a, ba a tafasa su. A sa ƙaramin cokali 1 na busasshen ganye ga kowane kofi mai cin mililita 250, a zuba ruwan da aka sauke daga wuta, a rufe na minti 5 zuwa 10. In ɗanye ne, a ninka sau 3, domin galibinsa ruwa ne. Amfanin murfin shi ne ƙamshin yana cikin wani mai da ke bin tururi ya tsere, har ɗigon da ya taru a jikin murfin ma a mayar da shi ciki. Su citta, kirfa da kanumfari kuwa masu tauri ne, sai an daddaka su, an rage wuta, sun yi minti 15 zuwa 20 suna dahuwa. Daga nan a tace. Ganyen da aka bari a ciki ɗaci da bauri yake ƙarawa.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyas, kuma shayin da ya huce a kan tebur a tsakiyar wannan zango yake zaune. Don haka a shanye shi cikin awa 8, a lokacin zafi ma kada a kai haka. In an sa madara, awa 2 ce iyakarsa. Wanda za a ajiye, a zuba shi a kwalbar gilashi mai tsabta da murfi, a sa a firiji da zarar ya huce, a digiri 4 ko ƙasa. Zai kai kwana 2 zuwa 3, kodayake ƙamshin kan fara ja da baya tun rana ta biyu. Kada a sa sukari ko zuma sai za a sha, domin zaƙi abincin ƙwayoyin da ke sa tsami ne. Filas ma yana yaudarar mutane: yana tsare shayi ne muddin yana turiri, in ya koma ɗumi-ɗumi kariyar ta ƙare.

Warin tsami, kumfa, yauƙi ko hunhuna a sama, kowanne ya isa a zubar. Ɗan dishi-dishi kawai bayan sanyaya ba lallai lalacewa ba ne, wasu sinadaran ganyen ne ke haɗuwa in sun ji sanyi. Sake tafasa wanda ya ɓaci ba ya gyara shi, don wasu ƙwayoyin na barin dafin da zafi ba ya kashewa.

Busasshen ganye a rufaffen mazubi, nesa da rana, danshi da murhu, yakan kai shekara 1, saiwa da ɓawo su fi haka. A murza kaɗan a tafin hannu a shinshina. In ba ƙamshi, ƙarfinsa ya tafi.

Na gode.

Daga wani mai karatu