Zuwa ga ƙanena mai tambayar RX 580 da GTX 1060

Assalamu alaikum ƙanena.

Ranar Asabar a teburin mai shayi na Agege ka tsare ni a gaban jama'a, wai me ya sa kullum nake kushe girafik kad ɗin RX 580, wato katin da ke sarrafa hoton gem a kwamfuta, alhali memori giga 8 gare shi kuma ya fi araha, sai in dinga tura mutane wajen GTX 1060 mai giga 6, ko dai shi ne ya yi kwantai a shagona nake neman kai da shi. Kowa ya yi dariya har da ni. Ka ce kana da kwamfutar ofis tokumbo da ka saya, kana so ka sa mata girafik kad ka dinga buga gem ɗin ƙwallo na FC da gem ɗin GTA V, kuma an yi maka tayin guda uku, waɗannan biyun da GTX 1050 Ti. Ana cikin haka aka kira isha'i aka watse, toh tunda a bainar jama'a ka tambaya gara in rubuta kowa ya gani.

Ni dai ban taɓa cewa RX 580 ba shi da kyau ba. Sa'annin juna ne, Nvidia ta fitar da 1060 a watan Yuli 2016 a kan dala 249, AMD ta biyo da RX 580 a Afrilu 2017 a kan dala 229, kuma in ka sa su a girman hoto na 1080p kusan kan-kan-kan suke yi. A tsofaffin gem irin GTA V 1060 yakan ɗan shiga gaba, a sababbi kuma sai RX 580 ya rama, giga 8 ɗin nan tana yi masa rana sosai yanzu da gem suka zama masu cin memori kamar gara. In maganar ƙarfi zalla ake yi ma ni zan ce RX 580 ya fi tsufa da kyau. Ka ga kenan ba neman kai nake ba.

Matsalar ita ce wuta. RX 580 wat 185 yake ci, 1060 kuma 120. Kuɗin mita ba shi ne damuwata ba, in ka lissafa bambancin wat 65 na awa biyar kullum, a wata bai fi yunit 10 ba, ko da farashin naira 225 da aka ɗora wa 'yan Band A, masu samun wuta mafi yawa, a Afrilu 2024 dubu biyu da 'yan kai ne kawai. Amma kai a Legas kake, rabin wasanka a kan inbata ne ko ƙaramin janareta, ga ɗaki ba AC, ga zafin Maris, katin da ya fi cin wuta shi ya fi ɗaukar zafi, fankarsa ta yi ta ihu kamar za ta tashi sama.

Kuma ga abin da ban samu na faɗa maka ba ranar, wanda ya fi duk wannan muhimmanci. Ka je ka buɗe murfin kwamfutar nan taka ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa saflai, wato ɗan akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Waɗannan na ofis ɗin yawancinsu wat 200 da wani abu ne, an yi su ne don Word da Excel, kuma ba su da wayar da ake jona wa girafik kad. 1060 yana son waya mai fin shida, RX 580 yawanci mai fin takwas. Wato in tsayawa za a yi a kan kwamfutarka yadda take, duka biyun da kake musu a kansu babu wanda zai zauna a ciki. Wasu ma soket ɗin madabod ɗinsu, wato babban allon da ake jona komai a kansa, na kamfani ne, ba ka isa ka ciro fawa saflai ka sa na kasuwa haka kawai ba. In kuma siririn akwati ne to katin ma ba zai shiga ba sam sai gajere.

Za a ce maka ai akwai adafta, a jona daga wayar SATA, wato wadda ke kai wa had dis wuta, shikenan. Kar ka yarda. Wayar SATA wat 54 aka yi ta ta ɗauka. Wani yaro daga Idi-Araba ya taɓa kawo min tasa a cikin buhu a bayan okada, tun kafin ya kwance nake jin ƙaurin roba, muka buɗe muka tarar bakin adaftar ya narke ya manne da jikin had dis, wayar rawaya ta koma baƙa wuluk. Ya ce ana tsakiyar wasa ne ya ji ƙas, sai hayaƙi. Katin ya tsira, madabod ta tafi. Adaftar da bai fi kuɗin shayi da burodi ba ta ja masa sayen wata kwamfutar.

Don haka in ba ka da niyyar canza akwati da fawa saflai, na ukun nan da ka raina shi ne naka. 1050 Ti wat 75 yake ci, daga ramin madabod yake shan wutarsa, yawancinsu ba sa neman wata waya. Giga 4 ne, bai kai 1060 ba ko kusa, kar wani ya ruɗe ka, amma GTA V zai tafi sumul, kuma shi ne mafi ƙarancin katin da EA ta rubuta wa FC 24, ka rage settin ka buga abinka. In ka samu GTX 1650 na 2019 marar waya ka ɗauka, wutar ɗaya ce amma ya fi shi ƙarfi.

Sai dai a nan ma akwai rami, don 1050 Ti na cikin katunan da aka fi yi wa jabu. Sai a ɗauko tsohon GTS 450 na 2010 a canza masa BIOS, wato ɗan sofwayan da ke cikin katin, a lulluɓe shi da sabuwar riga, ka sa a kwamfuta ya rubuto maka 1050 Ti ɓaro-ɓaro. In ka ga kati an ce 1050 Ti ne ko 1060 amma da shuɗin ramin VGA a bayansa, ajiye musu kayansu. Ka sa a buɗe maka GPU-Z a gabanka, wato manhajar da ke nuna bayanan kati, ka duba sheda, ƙananan injinan lissafin da ke cikinsa, na gaske 768 yake nunawa, GTS 450 kuwa 192.

Shi ma RX 580 da tasa. Wanda ake ba ka da arahar nan, ka tambaya ko 2048SP ne. Asalin RX 580 sheda 2304 gare shi, shi kuma 2048SP an yi shi ne don kasuwar Chaina, kusan RX 570 ne da aka canza wa suna, ba wai ba ya aiki ba ne amma kar ka biya kuɗin doki a ba ka jaki. Sannan ga maganar haƙar kirifto, wato sa kati ya yi ta lissafi don samar da kuɗin intanet irin Ethereum. RX 580 na cikin katunan da masu haƙar Ethereum suka fi azabtarwa, dare da rana ba hutu, da aka daina haƙar da girafik kad a Satumba 2022 sai suka juye su kasuwa, da yawa suka gangaro mana nan. Ni kaina na sha, na taɓa karɓar guda biyar a hannun wani dila, an wanke su fes kamar sababbi, sati bai zagayo ba biyu suka fara zana koren layi a monita, ɗaya kuma direban AMD, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya ƙi hawa sam saboda BIOS ɗin haƙa ne a kansa. Na mayar wa mutane kuɗinsu, shi kuma ya daina ɗaga wayata. Tun daga nan nake ɗari-ɗari, abin da ka ɗauka kushe ne kenan. Shi ma 1060 an yi haƙa da shi fa, kar ka ce na wanke shi.

Guda biyu kar ka ɓata lokacinka a kansu. 1060 mai giga 3 suna kawai ya ara, an rage masa har sheda, 1152 maimakon 1280. GTX 970 na 2014 kuwa ya tsufa, giga 4 ɗin ma 3.5 ce mai sauri, rabin gigar da ta rage tafiyar kunkuru take yi, har kotu aka kai Nvidia a kan haka a Amurka.

In da za ka bi tawa kuma, ka ɗan ƙara haƙuri ka tara, ka haɗa akwati da fawa saflai mai suna na wat 450 ko 500, ka nemi GTX 1660 Super. Oktoba 2019 ya fito, giga 6, wat 125, ya wuce 1060 da RX 580 duka, ga ƙarancin zafi. Dalilina shi ne su waɗancan kwanansu ya fara ƙarewa, AMD ta ware RX 580 da 'yan gidansu daga manyan direbobinta tun 2023, Nvidia ma ta sanar da daina yi wa 'yan gidan GTX 10 direban sababbin gem daga Oktoba 2025, sai na tsaro kawai. Shi 1660 bai shiga wannan sahun ba. Amma ko shi ba zai buɗe maka Doom: The Dark Ages ba, wannan gem ɗin sai katin da ke da rei tiresin, wato fasahar zana haske da inuwa kamar gaske, irin RTX 2060 Super zuwa sama, ka san da wannan tun yanzu kar gobe ka sake tsare ni a gaban mutane.

Farashi ban rubuta ba da gangan, a kasuwar Computer Village kuɗin safe daban na yamma daban, dala suke bi. Duk wanda ka tsayar dai kar ka ba da ko sisi sai an sa shi a kwamfuta a gabanka, GPU-Z ya nuna lambobin nan, a kunna manhajar gwaji ta FurMark ko gem mai nauyi minti ashirin kana tsaye, ka duba fankoki duka suna juyawa, ka gwada kowane rami na baya ba HDMI kaɗai ba, kuma a rubuta maka kwanakin gwaji a jikin rasit. Mai kayan da ya ce ba wuta ko yana sauri, ka ce ka gode.

Kafin nan ka ɗauki hoton takardar fawa saflai ɗin ka turo min, ko ka ɗauko ta gaba ɗaya ranar Litinin kafin azahar mu buɗe tare. Kuma shayin Asabar mai zuwa a kanka yake, da ƙwai uku, ladan ɓata min suna.

Yayanka na Ikeja.